Yadda Ake Haɗa Allon PCB a Gida da Dutsen Guga, da Lokacin da Ya Fi Kyau a Yi Oda

Duk wanda ya taɓa kwance bayan rediyo ko cajar waya ya ga koren allon nan da aka jera ƙananan kaya a kansa, ga siraran layuka suna zagaye kamar hanyar tururuwa. Masu gyara suna ce masa fanel, a littafi kuwa PCB. Faifai ne da wuta ba ta ratsa shi, an manna masa fallen jan ƙarfe, sannan aka cinye jan ƙarfen ko'ina aka bar iyakar inda ake so wuta ta bi. Layukan da suka rage su ne ke maye gurbin wayoyi.

Idan da'irarka ba ta wuce kaya goma ba kuma guda ɗaya kake so, kada ka wahalar da kanka. Nemi allon Vero, mai ramuka a jere da tazarar milimita 2.54 da layukan jan ƙarfe a baya, ka yanke layi inda ya kamata ta hanyar murza bakin diril mai milimita 3 da hannu a kan rami, ka liƙa kayanka. Allo na musamman yana da amfani ne idan wayoyin tsallake sun fara yawa, ko kana son kwafi da dama iri ɗaya, ko na'urar za ta sha jijjiga a kan babur ko cikin mota.

Misalin da za mu bi shi ne fitila mai kyaftawa da ai-si ɗin NE555 (ai-si ɗan ƙaramin kaya ne mai ƙafafu da yawa da aka dunƙule da'ira guda a cikinsa): batir mai bolt 9, rezista 1k da 68k, kondensa 10µF, sai ɗan ƙwan fitila na LED da rezista 470Ω a gabanta. Wannan haɗin yana kyafta kusan sau ɗaya a daƙiƙa, kuma duka zai zauna a allo mai milimita 50 da 40.

Zane: a nan ake cin nasara ko a faɗi

Kafin komai, ka gwada da'irar a allon gwaji mai ramuka ka ga tana aiki. Sinadarin da zai ci jan ƙarfen ba ya gyara kuskuren zane, sai dai ya tabbatar da shi.

KiCad ita ce manhajar da ta fi dacewa. Kyauta ce, ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta, kuma tun 1992 take, lokacin da Jean-Pierre Charras ya fara ta a Faransa. EasyEDA ma tana da sauƙi, amma ta fi jin daɗin wanda datarsa ba ta yankewa. Za ka fara da zanen da'ira, ka ba kowane kaya sawun ƙafafunsa, sannan ka koma shafin allo ka jera su ka ja layuka.

Allon gida ba na masana'anta ba ne, saboda haka ka ba shi fili. Layin sigina kada ya gaza milimita 0.6, gara ma 0.8. Tazara tsakanin layi da layi aƙalla 0.5. Zoben da ƙafar kaya za ta zauna a kai ya kai milimita 2 a faɗi, don wanda manhaja ke bayarwa da kanta yakan yi ƙanƙanta, da ka huda sai ya tashi tare da bakin diril. A jan ƙarfe mai kaurin maikuron 35, wanda shi ne aka fi samu, layi mai faɗin milimita 1 yana ɗaukar kusan amf 2 ba tare da ya yi zafi sosai ba, amf 5 kuwa yana son kusan milimita 3. Abin da ya fi haka, irin layin batir na inbata, ana kwantar da waya mai kauri a kan layin a bi ta da dalma. In kuma akwai wutar gida ta bolt 230 a allon, ka raba ɓangarenta da na ƙaramar wuta da milimita 6 zuwa 8. Mai koyo dai ya bar wannan sai hannunsa ya faɗa.

Ka tsaya a fuska ɗaya: kaya a sama, layuka a ƙasa, wato shimfiɗar da KiCad ke kira B.Cu. Za ka ci karo da wuraren da layi biyu dole su gitta juna. A NE555 ƙafa ta 2 tana haɗuwa da ta 6, ta 4 kuma da ta 8, kuma duka biyun ba za su bi ta ƙarƙashin ai-si ba tare da sun yi karo ba. Ɗaya ya bi ta ƙasa, ɗayan ka yi masa gada da guntuwar waya ta sama, ko ka bi da shi ta ƙarƙashin cikin rezista. Gada biyu ko uku ba abin kunya ba ne. Sauran filin da babu layi ka cike shi da jan ƙarfen negatif: sinadari kaɗan zai ci, aiki ya yi sauri.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne jerin ƙafafu. Tiransista uku ne masu kama ɗaya a ido: in ka fuskanci gefen mai rubutu ƙafafu na kallon ƙasa, BC547 jerinsa C, B, E ne, 2N3904 E, B, C, shi kuwa C945 da ya cika tsofaffin rediyoyi E, C, B. Saboda haka ka sayi kayan tukuna kafin ka gama zane. Buga zanen a farar takarda, ka ɗora a kan soso ko kwali, ka soka ƙafafun kayan na gaske a ramukan. Abin da bai shiga a takarda ba, ba zai shiga a allo ba.

Kayan aiki

Ana samun farantin jan ƙarfe wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin, irin na Sabon Gari a Kano ko Alaba a Legas, ko a yi odarsa ta intanet. Iri biyu ne. FR-2 ruwan ƙasa ne, takarda ce da aka jiƙa da gam, yana da arha da daɗin hudawa, sai dai yana tsagewa kuma layinsa na ɗagowa in zafi ya yi yawa. FR-4 na zaren gilashi ne, kaurinsa yawanci milimita 1.6, ya fi ƙarko amma yana dakushe bakin diril. Ga mai fara koyo, FR-2 ya isa.

Sai firinta mai leza ko injin fotokwafi, takarda mai santsi da sheƙi irin ta mujalla ko kalanda, dutsen guga, soson ƙarfe ko samfefa mai laushi ƙwarai, maka wadda ruwa ba ya wankewa, asiton ko tina, garin ferik kulorayid (shi ne sinadarin da ke cin jan ƙarfe), robobi biyu masu faɗi, safar hannu ta roba, tabarau, zarto, magagari, da ƙaramin injin huda.

Bugawa

Firinta mai ruwan tawada ba za ta yi ba ko kaɗan. Sirrin aikin yana cikin garin tawadar leza, wanda ake kira tona: garin roba ne da ke narkewa da zafi ya manne, kuma sinadarin ba ya cin roba. In ba ka da firinta, ka fitar da zanen a PDF ka kai shagon buga takardu tare da takardarka. Ka tsaya a kansu su buga a girman kashi 100 cikin 100, kada su bari manhaja ta daidaita hoto da shafi. Su kashe tsimin tawada, su sa baƙi mafi ƙarfi. Ka jera kwafi huɗu ko shida a shafi ɗaya, don na farko ba lallai ya yi ba. Da an buga, auna: layuka biyu na ƙafafun ai-si tazararsu milimita 7.62 ce. In ta sauya, an taɓa girman.

Batun juyi kamar a madubi yana rikita mutane. Shimfiɗar B.Cu ana buga ta yadda take a allon kwamfuta, ba a juya ta, domin kifewar da za ka yi wa takardar ita ce juyin. Ta sama, F.Cu, ita ake juyawa. Hanya mafi sauƙi: rubuta wata kalma a shimfiɗar jan ƙarfen. A takarda dole ta fito a birkice, a kan allo kuma ta karantu daidai. Kada yatsa ya taɓa fuskar da aka buga.

Wanke allo da guga

Yanka allon ya ɗara zanen da milimita 5 ta kowane gefe, ka bi bakin da magagari. Ɗan tudun da zarto ke bari a gefe yana ɗaga dutsen guga, sai zafi ya kasa kaiwa layukan bakin allo. Daga nan goge jan ƙarfen da soson ƙarfe da ruwan sabulu har ya yi jajir yana sheƙi, ka ɗauraye, ka bi da asiton a tsumma mai tsabta. Gwaji: zuba ruwa. In ya shimfiɗu bai ɗaya, allo ya wanku. In ya dunƙule ɗigo-ɗigo, akwai sauran maiƙo, sake. Yawancin allunan da tona ta ƙi kamawa ba laifin dutsen guga ba ne, shatin yatsa ne. A lokacin hunturu kuma ƙura ba ta jira, sai ka kife takardar nan take.

Ɗora allon a kan katako mai lebur, ba a kan bargon guga ba. Kife zanen a kan jan ƙarfen, ka naɗe bakin takardar ta baya, ka rufa farar takarda ɗaya a sama. Dutsen guga ya kasance babu ruwa a ciki, zafinsa tsakanin digiri 150 da 180, wato kusa da alamar auduga. Da farko ka danna shi wuri ɗaya na rabin minti ba motsi, don takardar ta kama. Sannan ka riƙa bi a hankali kana dannawa da nauyin jikinka na minti 3 zuwa 5, kana bin gefuna da kusurwoyi da hancin dutsen. Za ka fara ganin inuwar layukan ta bayan takardar, alamar tana kamawa ke nan. Na gawayi ma yana yi in an ɗauke wuta, kuma nauyinsa na taimakawa, sai dai zafinsa ba shi da linzami. Gwada shi a guntuwar takarda: in ta fara yin ja, jira ya huce.

Bar allon ya sha iska minti biyu, sannan ka tsoma shi a ruwan ɗumi na minti 10. Kada ka fizge takardar. Murza ta da babban yatsa a cikin ruwan har ta narke ta fita. Farin saura da ke maƙalewa tsakanin layuka da cikin ramukan zobe sai an cire shi da tsohon buroshin haƙori, domin yana tare sinadari ya bar siririn jan ƙarfe da zai haɗe layi biyu.

Yanzu duba da kyau a haske. Layi ya fita tare da takarda: zafi ko danni ya yi kaɗan, ko allon bai wanku ba. Layuka sun baje sun shiga juna: zafi ya yi yawa, ko takardar ta zame. Ƙananan huji a cikin filin baƙi: tawadar injin ta yi ƙasa. Yankewa ɗaya ko biyu ka cike da maka, ka bari ta bushe ka sake bi sau biyu. In ɓarnar ta yi yawa, goge da asiton ka ɗauko kwafi na biyu. Har yanzu ba ka yi asarar komai ba sai takarda.

Cin jan ƙarfe

A yi wannan a waje ko inda iska ke shiga, nesa da yara da kayan abinci, da safar hannu da tabarau. Haɗin shi ne kamar giram 400 zuwa 500 na garin ferik kulorayid a lita ɗaya ta ruwa. Ga ƙaramin allonmu giram 100 a ruwa mililita 250 ya wadatar. Gari ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba ruwa a kan gari ba, don wani nau'insa yana ɗaukar zafi sosai yana fantsama. Mazubi na roba ko gilashi kawai. Kwanon silba ko cokalin ƙarfe, sinadarin zai cinye su kamar yadda yake cin allon. Duk rigar da ya ɗiga a kai kuwa ta zama ta aiki har abada.

Zafi da motsi su ne ke sa shi sauri. Ɗora robar sinadarin cikin babbar roba mai ruwan zafi ya kai kamar digiri 40 zuwa 45, kada ya wuce 50. Sa allon jan ƙarfe na kallon sama, ka riƙa karkaɗa robar a hankali don sabon ruwa ya riƙa wanke fuskar. Jan ƙarfen zai fara dushewa, sannan ya soma ɓacewa daga gefe zuwa tsakiya. Da sabon haɗi mai ɗumi minti 10 zuwa 20 ne. Ɗago shi da tsinken roba kana dubawa, kuma da ɗigon ƙarshe ya tafi ka cire ka ɗauraye da ruwa mai yawa. Sinadarin ba ƙasa kawai yake ci ba, yana kuma shiga ta gefe ƙarƙashin tona, shi ya sa allon da aka manta a ciki layukansa ke fitowa a rame kamar an gaigaye su. In ya haura minti 40 bai gama ba, haɗin ya yi sanyi ko ya gaji. Wanda ya gaji yakan koma kore-kore mai duhu da laka a ƙasa.

Akwai masu amfani da asid ɗin haidurokulorik: kashi ɗaya nasa a cikin kashi biyu na haidurojin feroksayid mai ƙarfin 3 cikin 100, asid ake zubawa cikin feroksayid. Yana da sauri kuma ana ganin allon ta cikinsa, amma tururinsa na shaƙe mutum yana kuma sa duk ƙarfen da ke ɗakin tsatsa, kuma ba a toshe shi a kwalba don yana fitar da iska. Ruwan batirin mota wani asid ne daban, kada a musanya.

Ragowar ferik kulorayid ana adana shi a kwalbar roba mai murfin roba, da rubutu a jiki, ba kwalbar lemo ba. Zai yi alluna da dama. In ya mutu kada a tuttular a kwata ko kusa da rijiya, domin jan ƙarfen da ya narke a ciki guba ne ga kifi da shuka da dabbobi. A riƙa barbaɗa masa sodar wanki ko garin kanwa kaɗan-kaɗan a babban bokiti, zai yi kumfa ya taso, har kumfar ta daina. A bar shi ya kwanta ya bushe a rana inda awaki da kaji ba sa kaiwa, a ɗaure busasshiyar lakar a leda mai kauri, ko a cakuɗa ta da siminti ta daskare.

Huda da liƙi

Bakin diril mai milimita 0.8 na rezista da kondensa da ai-si ne, 1.0 na dayod irin 1N4007 da fil-fil ɗin haɗi, 1.3 na mazaunin waya mai kusa, 3.2 na ramin ɗaure allo. Ta gefen jan ƙarfe ake hudawa, da katako a ƙasa. Ɗan ramin da sinadari ya ci a tsakiyar zobe shi zai riƙe bakin kada ya zame. Gudu mai yawa, danni kaɗan, hannu a miƙe. Bakin kabayid yana daɗewa a FR-4 amma da ka karkata ya karye, saboda haka in da hannu kake riƙe injin, sayi na ƙarfe guda biyar ka riƙa sauyawa. Ƙurar FR-4 gilashi ce, a rufe hanci.

Sai yanzu za ka goge tona da asiton. Ɗauki mita ka sa ta a ma'aunin ƙara, ka bi kowane layi daga farko zuwa ƙarshe, sannan ka gwada tsakanin maƙwabtan layuka, musamman fozitif da negatif. Haɗewa ka kankare da reza. Yankewa ka ɗinke da silin waya da dalma. Jan ƙarfe tsirara yana dushewa cikin kwanaki dalma ta ƙi kama shi, don haka ka liƙa kaya a ranar, ko ka shafe shi da ƙaron liƙi da aka narkar a sifirit.

Dalma mai haɗin 60/40 tana narkewa wajen digiri 190, ƙarfen liƙi kuwa ya kasance 320 zuwa 350. Daƙiƙa biyu zuwa uku a kowace ƙafa. Fara da gajerun kaya, gada da rezista, ka ƙare da dogaye. Ai-si a sa masa soket. Kafin ka dasa NE555, haɗa batir ka auna soket ɗin: bolt 9 tsakanin ƙafa ta 8 da ta 1. In ya fito a juye ko babu, ka tsira da ai-si ɗinka.

Yin oda daga masana'anta

Akwai inda dutsen guga ke tsayawa. Fuska biyu masu ramukan da aka yi wa rufin ƙarfe ta ciki, ai-si mai ƙafafu da tazarar rabin milimita, ko kwafi ashirin: nan oda ta fi arha ko da lokacinka kawai ka lissafa. Kamfanoni irin JLCPCB da PCBWay a ƙasar Sin suna karɓar oda daga guda 5, kuma allo mai fuska biyu da bai wuce milimita 100 da 100 ba shi ne mafi arha, 'yan daloli kaɗan. OSH Park ta Amurka, mai allo ruwan shunayya, tana lissafi da girman allo ne tana ba da kwafi uku.

Fayilolin Gerber suke karɓa, wato zanen allo a tsarin da injinan masana'anta ke karantawa. A KiCad ka fara da binciken DRC, wanda ke duba ko zanen ya saɓa ƙa'idar faɗin layi da tazara, har ya daina nuna kuskure, sannan ka fitar da F.Cu da B.Cu, shimfiɗun fenti na sama da ƙasa, na rubutu, da Edge.Cuts wanda ke nuna iyakar allo. Fayil ɗin ramuka maɓallinsa daban ne, kuma shi aka fi mantawa. A nan ba a juya komai. Dunƙule su a zip ɗaya, ka ɗora, ka duba hoton da shafinsu zai nuna maka fuska da baya kafin ka biya. Zaɓin da ba ya ƙara kuɗi: FR-4, kauri 1.6, jan ƙarfe oza ɗaya (wato kaurin maikuron 35 ɗin nan), kore, rufin dalma na HASL. Injinansu na iya yin layi siriri ƙwarai, amma tsaya a 0.25 zuwa sama in ba dole ba.

Kuɗin kawowa shi ne babba, sau da yawa ya ninka na allon. DHL kan iso cikin kamar mako guda, da yiwuwar biyan kwastan, ta gidan waya kuwa makonni ne. Abokai uku ko huɗu su haɗa zanensu a oda ɗaya su raba kuɗin jirgi. Tun da gyara na nufin sake jira, yi amfani da filin rubutu sosai: alamar fozitif da negatif, ƙafa ta 1 ta kowane ai-si, darajar kowace rezista, da lambar zubi kamar V1 a kusurwa. Ka bar 'yan zobba a layukan wuta da na sigina inda bakin mita zai taɓa, da ramukan kusa huɗu. Gwajin takarda da soso ɗin nan kuma ka maimaita shi kafin ka tura, da kayan da ke hannunka, ba da hoton da ke shafin mai sayarwa ba.